Masu baƙin kati: amfaninsa suke saye ko idon jama'a?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna kan halin mutanen da ke riƙe da manyan katunan bashin nan na ƙarfe, musamman ku mazauna Amurka da Ingila da Dubai da kuke cuɗanya da su kullum. Ga wanda bai saba da su ba, katin bashi ba irin katin ATM ɗinmu na gida ba ne da kuɗinka ke ciki. Banki ne ke biya maka, kai kuma ka biya shi a ƙarshen wata. To a cikinsu akwai na manya. Na can sama shi ne Centurion na kamfanin American Express, wanda ake ce wa baƙin kati. A 1999 aka fito da shi, kuma ba a neman sa, sai dai kamfanin ya gayyace ka. A Amurka kuɗin shiga dala 10,000 ne, sannan duk shekara ka biya dala 5,000, tun kafin ka sayi ko allura da shi. Ƙasa da shi akwai Platinum, shi ma na American Express, wanda kuɗin shekararsa ya kai dala 895 a 2025, da Sapphire Reserve na bankin Chase mai dala 795.

Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin wasu 'yan uwanmu a nan Houston suna sauyawa da zarar katin ya shiga aljihunsu. Maganarsu da ma'aikacin otal ta sauya, yadda suke tsayawa a layi ya sauya, har wurin da za su yarda a haɗu a ci abinci ya sauya. Ni a ganina mafi yawansu ba amfanin katin suke saye ba, idon mutane suke saye. Ko na yi musu mummunan zato?

Hajiya Mai Turare:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ni shagon turare nake tsaro a Dubai, katunan nan ta hannuna suke wucewa. Masu su kashi biyu ne. Akwai wanda zai ciro katin ya sake shi a kan gilashin kanta don ya yi ƙara, sannan ya ɗaga kai ya ga ko na lura. Idan na karɓa ban nuna komai ba sai ka ga ransa ya ɗan ɓaci, wani har ya tambaye ni ko na taɓa ganin irinsa. Akwai kuma wanda ba ma za ka ga katin ba, wayarsa zai kara a na'ura ko yaronsa ya biya, ya yi maka godiya ya fita. Kuma wallahi na biyun nan su suka fi sayen kaya masu tsada. A nan har wani kati gare su, Dubai First Royale, mai ɗan lu'ulu'u a tsakiya da zinariya a gefe. Ka gaya mini, lu'ulu'u a jikin kati wane aiki yake yi wa na'urar biyan kuɗi?

Abu Sumayya:
Ku yi haƙuri Yaya Baban Khalifa da Hajiya, amma kun yi mana kuɗin goro. Ina da Platinum, kuma ba don kowa ya gani na karɓe shi ba. Aikina na yawo ne tsakanin jihohi, rabin rayuwata a filin jirgi take. Katin yana ba ni shiga falon matafiya, in ci abinci, in yi wanka, in sami lungun da zan yi sallah cikin natsuwa. Yana mayar mini da wani ɓangare na kuɗin otal da na mota. Makin garaɓasar da ake ba ni duk lokacin da na yi sayayya da katin, da shi nake saya wa iyali tikitin zuwa Kano. Duk ƙarshen shekara ina zama da biro da takarda in lissafa abin da na biya da abin da na samu. Ranar da lissafin ya daina fita, ranar zan yanke shi. Kuma ban taɓa bari wata ya zagayo ban biya duka ba, don haka ko sisi na kuɗin ruwa ba su taɓa ci a hannuna ba. Ina neman suna a nan?

Baban Khalifa:
Ƙanena, ai ban ce duka ba. Irinka akwai su. Amma ka faɗi gaskiya, a cikin waɗanda ka sani masu katin, nawa ne ke zama da biro da takardar nan?

Maman Ilham:
Bari in sa baki, don wannan tambayar an taɓa gwada ta a aikace, ba a Amurka ba ma, a Indonesiya. Wasu masana tattalin arziki sun haɗa kai da wani babban banki a can, aka wallafa sakamakon a 2018. Sun raba abokan hulɗar bankin gida biyu. Aka kira rukuni na farko aka ce ga katin platinum na wannan banki da duk gatan da ke cikinsa. Rukuni na biyu aka yi musu tayin gata iri ɗaya, farashi iri ɗaya, amma a kan katinsu na da, ba suna ba sabon launi. Wajen kashi 21 cikin ɗari suka karɓi mai sunan platinum, waɗanda suka karɓi gatan kaɗai ba su wuce kashi 14 ba. Bambancin nan ba na amfani ba ne, tunda amfanin ɗaya ne. Na suna ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne da suka duba inda ake amfani da katin. Masu platinum sun fi ciro shi a gidajen abinci da wuraren taruwa, inda akwai idanu, fiye da sayayyar intanet da mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki. Sannan da aka shaida wa wasu daga cikinsu cewa an sassauta sharaɗin samun platinum, wato masu ƙaramin albashi ma yanzu za su iya samu, sai sha'awarsu ta komawa wani sabon kati da ya fi shi tsauri ta ƙaru. Ba abin da aka rage musu, kawai sun ji wasu sun shigo. Masanan sun kuma sami alamar cewa idan aka sa mutum ya tuna abin da yake alfahari da shi a rayuwarsa kafin a yi masa tayin, sha'awar kayan nuna isa tana raguwa. Wannan ya yi daidai da abin da Hajiya ke gani a shagonta. Wanda hankalinsa ke kwance da kansa ba ya buƙatar katin ya yi ƙara.

Hajiya Mai Turare:
Allah ya saka da alheri Maman Ilham. Abin da nake gani da ido ne kika kawo da hujja.

Abu Sumayya:
Na ji, kuma binciken mai kyau ne. Amma ki lura, kashi 14 ɗin nan sun karɓa ne saboda amfanin kaɗai. Wato ko a cikin masu platinum ɗin, mafi yawa da sun karɓa ko ba sunan. Ashe 'yan neman suna su ne marasa rinjaye.

Maman Ilham:
Wannan karatu ne mai ma'ana, ban musa ba. Sai dai mutum ɗaya yana iya ɗauke da niyya biyu. Ya karɓa don falon filin jirgi, amma ranar da abokai suka taru cin abinci shi zai riga kowa miƙa hannu aljihu. Kamfanonin kuma sun san da haka sarai. Lokacin da Chase ya fito da Sapphire Reserve a 2016, mutane sun yi rububinsa har ƙarfen da ake buga katin ya ƙare, aka riƙa aika musu na roba na wucin gadi. Matasa suka cika YouTube da bidiyon buɗe ambulan ɗin katin. Babu dalilin fasaha da ya sa kati zai zama ƙarfe. An yi shi da nauyi ne don mai karɓa ya ji a hannunsa.

Ɗan Kwari:
Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Ni ɗan kasuwa ne, tambayata ɗaya: abincin falon nan da tikitin kyautar nan, wa ke biya? Banki dai ba ya sadaka. Mu nan idan abokin ciniki ya biya ta POS mun san akwai abin da ake cira. To can wa ake cirewa?

Baban Khalifa:
Alhaji, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mai shago ake cirewa. A Amurka duk sayayyar da aka yi da katin bashi, mai shago yana rasa kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma manyan katunan nan sun fi na talakawa tsada a kansa. Shi kuma ba zai ɗauki asarar ba, sai ya ɗora a kan farashin kaya. Farashin kuma ɗaya ne ga kowa. Matar da ta zo da tsabar kuɗi ta sayi madara ta biya ƙarin, mai baƙin kati ya biya ƙarin, amma shi an mayar masa da nasa har da ɗori ta hanyar maki, ita kuwa ba a mayar mata da komai ba. Masu bincike a reshen babban bankin Amurka na Boston sun lissafa wannan a 2010. Suka ce a matsakaici gidan da ke amfani da tsabar kuɗi yana asarar dala 149 a shekara, gidan da ke amfani da kati kuma yana samun dala 1,133. Tarayyar Turai ta ga wannan ta sa doka a 2015, ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke karɓa a kashi 0.3 cikin ɗari kan katin bashi. Shi ya sa garaɓasar katunan Turai ba ta kai ta Amurka ba.

Dalilin da ya sa girman kan wasunsu ke ba ni haushi ke nan. Mutum yana ɗaga wa mai kanta hanci, alhali daga aljihun mai kantar da na irinsa aka tara kuɗin kujerar da zai kwanta a jirgi.

Ɗan Kwari:
Innalillahi. Ashe talaka ne ke yi wa mai kuɗi guzuri bai sani ba.

Abu Sumayya:
Yaya, wannan maganar ta yi nauyi. Ni na tsara yadda ake cajin masu shago? Ko na yanke katina yau, farashin madara ba zai sauka ba. Abin da zai faru kawai shi ne ni ma in koma cikin masu biya ba a mayar musu. Laifin na tsari ne da na 'yan majalisar da suka ƙi gyara shi. Kuma babban kuɗin da bankuna ke samu daga masu kasa biya ne. Bashin katunan Amurkawa ya haura dala tiriliyan ɗaya a 2023, kuɗin ruwansa kuma sama da kashi 20 cikin ɗari a shekara. Can ɓarnar take, ba a wurina ba.

Maman Ilham:
To ai Abu Sumayya, waɗannan masu kasa biyan su ma suna cikin masu ɗaukar nauyin makinka. Ban ce laifinka ba ne. Amma sanin haka ya kamata ya sa mai katin ya sunkuyar da kai, ba ya ɗaga ba.

Ɗan Damagaram:
Ni na yi aikin kai abinci teburi a wani babban gidan abinci a Landan lokacin ina karatu. Abin da ban manta ba shi ne yadda wasu ke mai da katin sanda. Ka ce babu teburi sai an jira, sai mutum ya ce ka san wane kati nake riƙe da shi? Ko ya kira ma'aikatan katin da ke yi musu hidimar neman wuri, su kuma su kira manajanmu, sai a tsallake wasu iyali da suka daɗe suna jira. Ni ake turawa in ba su haƙuri, in ƙirƙiro dalili. Wannan ya fi komai ci mini rai. Game da tukwici kuwa, ban ga wata alaƙa tsakanin launin kati da buɗaɗɗen hannu ba. Na ga mai baƙin kati da ya ba da abin mamaki, na ga wanda ya sa aka cire kuɗin hidima saboda ruwan da aka kawo masa bai yi sanyi ba.

Amma kada mu ɗauka duk masu kuɗin gaske ɓoyewa suke yi, Hajiya. Akwai wani attajirin Sin, Liu Yiqian, wanda ya taɓa tuƙin tasi. A 2014 ya sayi wani ɗan ƙaramin kofin tangaran na zamanin daular Ming a gwanjon kamfanin Sotheby's a Hong Kong kan kusan dala miliyan 36. Da baƙin katinsa ya biya, sai da aka goga shi sau 24, sannan ya zuba shayi a kofin ya sha a gaban masu ɗaukar hoto. Shekara ta zagayo ya sayi wani zanen Modigliani, mai zane ɗan Italiya, kan dala miliyan 170, ya ce shi ma da katin zai biya don iyalinsa su tara makin tafiye-tafiye. Ka ga ga lissafi irin na Abu Sumayya, ga kuma son a gani, duk a jikin mutum ɗaya.

Hajiya Mai Turare:
Haka ne ɗana, ba a rasa irinsu. Ni abin da na fi gani na faɗa.

Baban Khalifa:
Maganar falon filin jirgi ma ta isa misali. American Express ya buɗe falonsa na farko a Amurka a Las Vegas a 2013. Da masu Platinum suka yi yawa, sai ga layi a ƙofar falon da aka gina don a guje wa layi. Ku shiga zaurukan masu katin ku ji irin kukan da suke yi: wai an cika wurin da yara, wai kowa da kowa yanzu yana da katin. A Fabrairun 2023 kamfanin ya soke shigar da baƙo kyauta, sai wanda ke kashe dala 75,000 a shekara da katin, in ba haka ba ka biya dala 50 kan kowane babban mutum da ka shigo da shi. Da yawansu murna suka yi. Daɗin wurin a wajensu shi ne akwai wanda aka hana shiga.

Abu Sumayya:
Ko kuma mutum ya biya kuɗi don ya sami wurin zama, ya zo bai samu ba. Wannan koke ne na halal, Yaya. Ba kowane mai son natsuwa ne mai raina mutane ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a muhawara tana kyau, a ci gaba da mutunta juna. Malam Na Zariya, tun ɗazu muna ganin ka kana karantawa, ko za ka ce wani abu?

Malam Na Zariya:
Bismillah. Abu biyu ne a nan, kada a cakuɗa su. Na farko hali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi gargaɗi kan girman kai, wani ya ce masa mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai ya bayyana masa cewa Allah yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka zama a falo mai kyau ba shi ne matsalar ba. Abin da Ɗan Damagaram ya ba da labari, a tsallake mai jira saboda kati, a tura yaro ya yi ƙarya, wannan shi ne raina mutane. Niyyar Abu Sumayya kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa ce, kada mu yanke masa hukunci.

Na biyu shi ne katin kansa, kuma na yi mamaki da ba wanda ya tsaya a kai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna kan wannan a Riyad a shekarar 2000. Ta ce bai halatta a fitar ko a yi mu'amala da katin bashin da aka sharɗanta kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi ya cika. Idan babu wannan sharaɗi ya halatta, kuma banki na iya karɓar ƙayyadadden kuɗi a matsayin ladan hidimar da yake yi ta haƙiƙa. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen Yamma, saboda a can hayar mota ko kama otal ko gina tarihin biyan bashi yana wuya ba tare da kati ba, da sharaɗin a biya duka kan lokaci. Amma hujjarsu buƙata ce. Tambayar da zan bar wa ɗana Abu Sumayya ita ce: buƙatar da ƙaramin kati marar kuɗin shekara zai biya, tana kaiwa ga na dala 895?

Abu Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Fatawar masu sassautawa nake bi. Maganar ko buƙatata ta kai ga wannan katin, ina ganin yanayin aikina ya kai, amma zan kai wa malaminmu na nan tambayar yadda ka tsara ta, in kawo amsarsa zaure.

Ɗan Kwari:
Malam, ni kuma ga tawa. Tunda an ce mai tsabar kuɗi ne ke ɗaukar wa mai kati kaya, ashe ba adalci ba ne mai shago ya raba farashi, mai kati ya biya kuɗin katinsa da kansa?

Maman Ilham:
Alhaji, wasu ƙasashen sun bi wannan hanyar. Ostareliya ta ba masu shago damar ƙara wa mai kati kuɗi a 2003, a Amurka ma an sami damar yin haka a jihohi da dama daga 2013. Amma a Amurka manyan shaguna ba su cika yi ba, suna tsoron korar masu kashe kuɗi da yawa.

Malam Na Zariya:
Alhaji, a nan akwai sarƙaƙiya. Wancan hukuncin na Riyad ya halatta wa banki karɓar kamasho daga mai shago ne da sharaɗin mai shagon ya sayar wa mai kati a farashin da yake sayar wa mai tsabar kuɗi. Abin da suka guda shi ne kada ƙarin ya koma kan wanda aka ba bashi, ya zama kuɗin ruwa ta bayan gida. Ke nan abin da kake ganin adalci ne ta fuskar kasuwa, ta fuskar katin bashi yana buɗe wata ƙofar. Cajin POS da ka saba da shi a Kwari daban ne, domin can kuɗin mutum ne a asusunsa, ba bashi ba ne. Ka turo mini yadda ake cire maka kason dalla-dalla, nawa ne kuma a kan wa yake faɗawa, sai mu duba shi shi kaɗai bayan sallar isha'i in sha Allah.